Yadda ake makin ɗin Turancin WAEC da yadda za ka shirya ka ci kiredit

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan rubutun na ƙannenmu ne 'yan SS3 da ke nan Legas, da iyayen da ke biya musu kuɗin jarrabawa, musamman mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, saboda duk shekara abu ɗaya ne ke maimaita kansa, sakamako ya fito ka ga yaro ya ci Lissafi ya ci Bayoloji ya ci Ikonomiks, sai Turanci ya zo masa da D7 ko E8, shikenan takardar gaba ɗaya ta tsaya cak don jami'a ba ta ɗaukar mutum in ba shi da kiredit a Turanci. Abin da ya fi damun iyaye kuma shi ne yaran nan a Legas suka tashi, a danfo Turanci suke yi, a shago da kwastoma Turanci, a waya Turanci, uba na jin ɗansa na zuba yare kamar ba gobe sai ya ɗauka ai wannan darasin kam an gama da shi. Ni ina koyar da lesin ɗin Turanci da yamma, kuma abin da nake gani kullum shi ne jin Turanci daban, cin wannan jarrabawar daban. Malamin da zai yi makin takardarka bai san ka ba, bai taɓa jin bakinka ba, yana zaune ne da jan biro da wata takarda a gefensa da ta faɗa masa inda zai ba da maki da inda zai cire. Yaron da ya san abin da ke cikin wannan takardar ya riga ya yi rabin aiki, Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Toh bari mu fara da lissafin makin kansa. WAEC dai tun 1952 aka kafa ta, hedikwatarta na Accra ta Ghana, ofishinta na Najeriya kuma yana nan Yaba. Turancinta takardu uku ne. Ta farko canki-canka ce, wato a jero maka amsoshi ka zaɓi ɗaya, tambayoyi 80 cikin awa ɗaya, maki 40, wato kowace tambaya rabin maki, rabinsu a kan kalmomi da ma'anarsu rabi kuma nahawu. Ta biyu ita ce uwar tafiya, awa biyu, maki 100, a ciki akwai insha'i mai maki 50, auna fahimta mai maki 20, sai taƙaitawa mai maki 30. Ta uku gwajin furuci ne, tambayoyi 60 cikin minti 45, maki 30, kuma mu a Najeriya a rubuce ake yin sa, ba wanda zai ce ka buɗe baki ka yi magana. In ka tara duka 170 kenan. Ma'aunin da aka saba bugawa kuma shi ne A1 daga kashi 75 zuwa sama, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50, ƙasa da haka D7 ne da E8 sai F9 ga wanda bai kai 40 ba. C6 shi ne ƙaramin kiredit. Ga 'yan makaranta ana haɗawa da makin gwaje-gwajen da makarantarku ta tura, kashi 30 cikin ɗari, don haka dan Allah kar a raina tes ɗin aji tun daga SS1.

Yanzu ka yi lissafin a kan yatsa, rabin 170 ai 85 ne. Yaron da ya samu 22 a canki-canka, 24 a insha'i, 11 a auna fahimta, 15 a taƙaitawa, 16 a furuci, ya tara 88. Ka ga babu inda ya yi abin mamaki, ko'ina kusan rabi ya samu. Matsalar ita ce yawancin yaranmu ba haka suke faɗuwa ba, a wuri biyu suke zubar da maki jimla guda, wato a kurakuran rubutu cikin insha'i da kuma taƙaitawa, kuma waɗannan biyun su ne suka fi saurin gyaruwa in an zauna musu.

Insha'i tukun. Za a ba ka batutuwa biyar ka zaɓi ɗaya ka rubuta kalmomi kamar 450, lokacin da aka ba da shawara minti 50. Makin nan 50 kashi huɗu aka raba shi. Maki 10 na abin da ka faɗa ne, wato ka amsa tambayar da aka yi kuwa, in an ce ka kawo dalilai uku ka kawo ukun kuma ka yi bayanin kowanne. Maki 10 na tsari ne, gabatarwa da sakin layi da yadda magana ke bin magana da kammalawa, da kuma siffar abin da aka ce ka rubuta, wasiƙa ce ko jawabi ko muƙala. Maki 20 na iya sarrafa harshe ne, kalmomin da ka zaɓa da yadda ka gina jimloli da ko yaren ya dace da wanda kake wa magana. Sai 10 na ƙarshe na tsaftar rubutu, a nan ne ake yanka, kowane kuskure na nahawu ko sifelin ko alamar rubutu mai makin zai zagaye shi da jan biro ya cire rabin maki. Kuskure 20 kenan ya cinye goman nan kaf.

Mutum zai ce haba, kuskure 20 ai da yawa. Wallahi ba yawa. Duba wannan jimlar, irin wadda nake gani a littafin yara kusan kullum: "One of my friend have went to oshodi yesterday to buy some furnitures" aka tsaya ba aya. Kamata ya yi a ce "friends", ɗaya kenan. "have went" ba ya yiwuwa, "went" ne kawai tunda an ce jiya, biyu. Oshodi sunan wuri ne sai da babban baƙi, uku. "furniture" ba ya ɗaukar s, huɗu. Ba a sa aya ba, biyar. Jimla ɗaya tak ta tafi da maki biyu da rabi, in yaro ya yi irinta huɗu a sakin layin farko shikenan ya gama da goman nan tun bai shiga cikin maganar ba, kuma ba a nan ta tsaya ba, don mai makin da ya ga shafi ya yi jawur ba zai iya ba ka maki mai kyau a wancan 20 na sarrafa harshe ba. Shi ya sa nake ce wa yara su rubuta gajerun jimloli waɗanda suka tabbata da su. Babbar kalmar da ka haddace a wani wuri ba ka san inda take zama ba ka bar ta, ba ta ƙara maka komai, in ka yi kuskuren sifelin ɗinta ma rabin maki ta ci.

Kurakuran da Turancin titi ke jawo mana a Legas sanannu ne, kuma in ka kama su ka rage jan biro sosai. "Borrow me your pen" a maimakon "lend me". "Off the light" a maimakon "switch off" ko "turn off". "Discuss about", alhali "discuss" ba ya buƙatar "about". "My names are". "Am fine" ba tare da "I" ba. "He did not came", bayan "did" aikatau ba ya sake komawa shuɗaɗɗen lokaci. Sai su "advices" da "informations" da "equipments" da "luggages", duk ba a sa musu s. Sannan ga cutar waya, yaro ya saba da "u" da "bcos" da "pls" da ƙaramin "i" har hannunsa ya rubuta su a jarrabawa bai ma lura ba. Shawarata wata uku kafin jarrabawa ko a WhatsApp ka riƙa rubuta cikakkiyar kalma, abokai za su yi maka dariya, kar ka kula su.

Wane batu za ka zaɓa? Ni a ganina yaron da Turancinsa tsaka-tsaki ne ya fi samun kwanciyar hankali a wasiƙa, don siffarta a sarari take kuma ana iya koyon ta a zama biyu. Wasiƙar hukuma, kamar zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ko shugaban makaranta ko editan jarida, tana son adireshinka da kwanan wata a sama, adireshin wanda kake rubuta wa, "Dear Sir," ko "Dear Madam,", sai take, sai jikin wasiƙa, a ƙarshe "Yours faithfully," da babban Y da ƙaramin f da waƙafi, sai sa hannu sai cikakken suna. Ba a gaisuwa a cikinta, kar ka tambayi ciyaman ya iyali ya aiki, ka shiga magana kai tsaye, kuma ba a gajarta kalma irin "don't" ko "can't". Wasiƙa ga aboki ko ɗan uwa kuwa adireshi ɗaya ne, naka, sai "Dear Musa,", ka gaishe shi ka sake jiki kamar kana hira amma da Turanci mai tsafta, ka rufe da "Yours sincerely," da sunanka na farko kawai. Muƙalar jarida tana son take da sunan marubuci, jawabi da muhawara kuma sai ka fara da jero manyan da ke wurin. Labari shi ne wanda yara ke rugawa don suna ganin sauƙi ne, amma shi ya fi kama mutum, saboda dole ka riƙe shuɗaɗɗen lokaci daga farko har ƙarshe, kuma in an ba ka karin magana aka ce labarin ya fito da ma'anarta kai kuma ba ka fahimce ta ba, toh duk daɗin labarin ya tashi a banza. Wanda ya haddace labari daga gida ya zo ya liƙa masa jimlar ƙarshe, masu makin sun saba ganin irinsa, suna ganewa.

Tsawo ma a kula da shi. In kana rubuta kalma goma a layi, layi 45 kake nema. Ka ƙirga naka tun a gida ka san shafi nawa yake cika maka, don a zauren jarrabawa ba ka da lokacin ƙirga. In rubutun ya gaza sosai ana rage iyakar makin da za ka iya samu, in kuma ka zarce ka yi ta zuba har shafi huɗu ka ƙara wa kanka wurin kuskure ne kawai ka kuma cinye lokacin taƙaitawa. Minti biyar na farko ka jera dalilanka a gefe, kowane dalili sakin layi guda, minti biyar na ƙarshe ka koma ka karanta a hankali kana neman s da ta ɓace da aya da babban baƙi.

Auna fahimta minti 30 ake so ka ba shi. Ka karanta nassin sau biyu, ka amsa daidai abin da aka tambaya a gajarce. Kar ka ba da amsa biyu kana cewa ai ɗaya za ta faɗa daidai, in ɗaya ba daidai ba ce duka ake sokewa. Akwai tambayar da kusan kullum tana fitowa, za a ciro wani yanki a ce mene ne sunansa a nahawu kuma mene ne aikinsa. Wannan makin kyauta ne ga wanda ya koya. Misali "When the rain stopped, the traders returned to the market", yankin farko sunansa "adverbial clause of time", aikinsa kuma "it modifies the verb returned". In aka ce "the man who sells yams", "who sells yams" sunansa "adjectival clause" kuma "it qualifies the noun man". "What he said surprised us", farkon "noun clause" ne, shi ne "subject of the verb surprised". Abin da ke raba "clause" da "phrase" shi ne na farko yana da aikatau mai nuna lokaci a cikinsa, na biyu babu. Sai tambayar musanya kalma, a nan dole abin da ka kawo ya iya zama a gurbin waccan ba tare da jimlar ta karye ba, in kalmar "abandoned" ce sai ka ce "deserted" ko "left", in ka rubuta "leave" ma'ana ta yi amma ba maki. Ka ɗauki kalmar taka ka saka ta a jimlar ka karanta a zuci, kunnenka zai faɗa maka.

Yanzu taƙaitawa, kuma dan Allah a nan a nutsu don nan ne ake kuka. Maki 30 ne, ya fi auna fahimta, ya kai gwajin furuci gaba ɗayansa, amma da yake shi ne na ƙarshe a takardar sai yaro ya iso shi a gajiye saura minti goma, ya kwafe jimloli daga nassin ya miƙa. Toh kwafe nassi kai tsaye sifili ake ba shi, ko da a cikin abin da ka kwafa amsar take. Yawanci jimloli shida ake nema, kowace maki 5, za a ce maka misali a jimla uku, ɗaya ga kowanne, ka faɗi dalilan kaza, a wasu ukun kuma ka faɗi mafita. Abu uku ake dubawa, ka gano ainihin maganar, ka faɗe ta da kalmominka, kuma ta zama cikakkiyar jimla. A ce nassin ya ce: "Owing to the fact that the roads in most of our big cities are narrow, poorly maintained and riddled with potholes, motorists spend hours on journeys that should take minutes." Aka tambaye ka me ke jawo gosilo. Wanda ya kwafe wannan doguwar jimlar bai samu komai ba. Wanda ya rubuta "Bad roads" ya gane amsar amma ba jimla ba ce, rabin makin zai samu. Wanda ya rubuta "Bad roads cause traffic jams." ya kwashe biyar ɗinsa cif da kalma biyar. In ka ƙara misalai da bayanin da ba a tambaye ka ba ana cire maki, in ka yi kuskuren nahawu a cikin amsar ana cire rabin maki ɗaya, in an ce jimla uku ka rubuta biyar ukun farko kawai za a duba, kuma kar ka cusa dalili biyu a jimla ɗaya.

Yadda nake sa yara su yi shi ne su fara karanta tambayoyin kafin nassin, sannan su bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya suna tambayar kansu wannan mutumin me yake son faɗa a nan, su ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta ɗauki maganar su tsallake duk abin da ya biyo bayan "for example" da "such as" da "for instance". Daga nan sai in ce rufe littafin ka faɗa mini da Hausa. In yaro ya iya faɗa da Hausa a jimla ɗaya toh ya fahimta, mayar da ita gajeren Turanci ba wuya, in kuma ya kasa toh dama bai gane nassin ba kwafa kawai zai yi. Ba laifi ba ne ka yi amfani da kalma ɗaya ko biyu ta cikin nassin in ba ta da madadi, ginin jimlar ne ake so ya zama naka. Ni ina ba da shawarar wanda ya san ba shi da saurin rubutu ya fara da taƙaitawa tun kansa na da sanyi ya ba ta minti 40 ɗinta, babu dokar da ta ce sai ka bi jeri in dai ka rubuta lambar tambaya a sarari.

Gwajin furuci yara na tsoronsa saboda alamomin nan masu kama da rubutun wani yare, alhali abin da ke ciki ƙidayayye ne, wasula 12 tilo, tagwan wasula 8, baƙaƙe 24, sai kalmomi masu amo ɗaya a ƙarshe, sai gaɓar da ake dannawa. Ƙa'ida ta farko kar ka bi harafi, ka bi sauti. B ba ta fita a "comb" da "debt" da "plumber", t ba ta fita a "listen", w ba ta fita a "sword", "ph" na "phone" sautin f ne. Mu Hausawa inda muke tuntuɓe sananne ne, p da f, sai b da v, sai "th" da muke mayarwa s ko z ko t ko d, don haka a zauna a jera "pan" da "fan", "pull" da "full", "berry" da "very", "thin" da "tin" da "sin" a yi ta faɗa da ƙarfi. Amma muna da inda muka fi wasu, kunnenmu ya saba da dogon wasali da gajere tunda muna bambanta gari na zama da garin tuwo, wannan kunnen shi zai raba maka "ship" da "sheep", "full" da "fool". A danna gaɓa akwai dokoki masu sauƙi, kalmar da ta ƙare da "tion" gaɓar da ke gabanta ake dannawa kamar "eduCAtion", haka ma "ic" kamar "draMAtic", haka "ity" kamar "aBIlity". Sai tambayoyin da ake rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, misali "Musa bought a RED cap", a ce ka zaɓi tambayar da wannan ce amsarta. Ka nemi zaɓin da ya canza wannan kalmar kaɗai ya bar sauran, wato "Did Musa buy a blue cap?". Wanda ya gane wannan dabarar ba ya sake faɗuwa irin tambayar. Ka sauke ƙamus mai sauti a waya ka zaɓi lafazin Ingila, kullum kalma goma, ka ji ka maimaita ka duba alamar.

Canki-canka ba ni da dogon bayani a kai, tsofaffin tambayoyi ne maganinta, ka yi na shekaru da dama da agogo a gabanka, duk wadda ka faɗi ka nemi dalilin. Inji ne ke makin ta, in a kan takarda ake yi ba a kwamfuta ba sai a yi amfani da fensir HB a cike gurbin sosai a goge da kyau in an canza, kuma kar a bar ko ɗaya ba amsa. Masu dogaro da leƙen na kusa su sani a 2025 WAEC ta fara jujjuya jerin tambayoyin canki-canka a wasu darussa har da Turanci, lamba 12 taka ba lallai ita ce 12 ta maƙwabcinka ba. Su kuma masu karɓar kuɗin iyaye da sunan santa ta musamman ko amsar da za a turo a waya da daddare, iyayenmu ku yi wa Allah ku rufe wannan ƙofar, ana riƙe sakamakon santa guda a soke shi, kuɗi ya tafi shekara ta tafi, kuma ko an tsallake JAMB na jira a gaba da tambayoyin Turanci 60 a kwamfuta.

Na san da yawa cikin yaranmu ba zaman karatu kaɗai suke ba, wani daga makaranta sai shagon babansa, wani sai ya taya sauke kaya a Mile 12, 'yan mata ga aikin gida ga islamiyya da yamma. Ba sai an samu awa biyar ba. Insha'i ɗaya a sati, a rubuta shi da agogo minti 50, taƙaitawa biyu a sati, furuci minti goma kullum ko a cikin BRT ne. Sharaɗin kawai shi ne a samu wanda zai yi makin da jan biro yadda na faɗa a sama, malamin makaranta ko yaya ko anti da ta yi jami'a, don insha'in da ba a duba ba kuskuren kawai yake ƙara zaunar maka. Ka ware littafi guda na kurakuranka, duk abin da aka zagaye ka rubuta shi da gyaransa, bayan wata ɗaya za ka ga kusan abu goma ne kake ta maimaitawa, in ka kashe su shafinka ya yi fari. Sai karatu, sharhin edita na jarida irin Daily Trust ko Punch ya yi kama da nassin da ake kawowa, ka karanta ɗaya ka taƙaita shi a jimla uku. WAEC ma tana sa rahoton manyan masu makin a shafinta na intanet, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka yi a kowace tambaya shekara bayan shekara, kyauta ne kuma malamai da yawa ma ba sa leƙawa. Alhaji da Hajiya, ko ba ku yi boko ba kuna da rawar takawa, ku ce a nuna muku insha'in satin nan, ku duba jan biron da idonku ku ga yana raguwa ko yana nan, kuma watanni biyun ƙarshe a ɗaga wa yaro ƙafa daga shago.

Akwai 'yan uwa da yaransu ke makarantun da ke bin tsarin Amurka suna tambaya ta a kan jarrabawar AP, wato Advanced Placement. Wannan ta wata hukumar jarrabawa ce ta Amurka mai suna College Board, a watan Mayu ake yin ta, sakamakonta daga 1 zuwa 5. Ta harshen Turanci tana da canki-canka 45 cikin awa ɗaya da ke ɗaukar kashi 45 na makin, sai insha'i uku cikin awa biyu da minti 15 da ke ɗaukar kashi 55, kowane insha'i maki 6 ne, ɗaya na fito da matsayarka a sarari, huɗu na hujja da sharhi a kanta, ɗaya na zurfin tunani. Can ba a bin kuskure ɗaya-ɗaya ana cire rabin maki kamar namu, hujja suke nema, don haka yaron da zai yi duka biyun sai ya san da wa yake magana a kowace.

Ranar jarrabawa kuma, lokacin damina ne a Legas kuma kun san yadda hanya ke zama in an yi ruwa, a fita da wuri sosai, a tafi da biro biyu da fensir da abin gogewa, a ci wani abu don zaman yana da tsawo. Rubutun hannu ya fito a karanta, mai makin yana da tulin takardu a gabansa, abin da bai iya karantawa ba ba zai ba shi maki ba.

Wanda kuma sakamakonsa ya riga ya fito da D7, ƙanina kar ka ce ka haƙura da boko. Akwai NECO, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, tsarin Turancinta ya yi kama da wannan, shirin ɗaya zai yi maka duka biyun. Akwai kuma ta masu zaman kansu da muke kira GCE, WAEC na yin ta sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya wajen ƙarshe, NECO ma na da tata a ƙarshen shekara. Yawancin jami'o'i suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, sai dai wasu kwasa-kwasan irin likitanci a wasu jami'o'in zama ɗaya suke so, don haka ka duba ƙa'idar kwas ɗin da kake nema a littafin JAMB kafin ka biya kuɗin rajista, kuma kafin ka sake zama ka samu malami ya ba ka cikakkiyar takarda ta biyu ka yi a gabansa ya yi makin, a ga ko insha'i ne ya kayar da kai ko taƙaitawa, sai a fara gyara daga nan.